Jakar Sojan da Na Goyo Mariyama a Cikinta

Tun da na dawo daga Katsina ban sami sukunin ɗinka ko kube ɗaya ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a kasuwar Dakoro sai ya tsaya kamar takalmi ya zo tayawa, sannan ya karkace baki ya ce, "Sha'aibu, wai gaskiya na ka yi goyo?" Na ba da labarin a rumfa, na ba da shi a ƙofar masallaci, har wani Buzu da ban taɓa gani ba ya durƙusar da raƙuminsa ya tambaye ni. Kowa kuma ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. To ga shi daga bakin mai shi. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, sai ya sayi takalmi tukuna.

Ni baduku ne, kuma jakar da ake magana ta soja ce, 'yar ƙarama, ta tamfol mai ruwan ƙasa, da maɗaurai biyu da ake zura hannuwa ta kwanta a baya. Wurin Baba Dodo na same ta, tsohon sojan Faransa da ke bayan gidanmu. Na gyara masa sirdi, ya ba ni ita. Na ɗinka mata 'yan aljihuna na fata a ciki, inda basilla da wuƙa da zare za su zauna, na riƙa yawo da ita ina jin kaina.

Ƙanwata Rakiya, autarmu, tana aure a Katsina wurin Malam Garba, mai fataucin hatsi. Saƙo ya zo a makare cewa ta haifi mace, har suna ya wuce. Inna ba ta da ƙafar tafiya, sai ta ce ni in je barka. Ta cika mini jakar da cuku da 'yar ƙwaryar man shanu.

Lokacin kaka ne, 'yan shekaru kaɗan bayan Nasara ya miƙa mulki, ƙasa kuwa ba ta zaune lafiya. Ana ta raɗe-raɗin wai wasu 'yan ƙasa sun koyo harbi a waje, suna shigowa ta kudu a ƙafa da makamai a jakunkuna. Kwamando ake ce musu. An gaya wa masu gari kowa ya tsare garinsa, saboda haka duk baƙuwar fuska abin tsoro ce. Ni ban ɗauki abin da zafi ba, sai da direban kamyo, babbar motar kayan da za ta kai mu Maraɗi, ya hango jakar a bayana.

"Kai baduku, so kake a halbe mu duka? Cusa ta ƙarƙashin hwatu."

Haka ta yi tafiyar a ƙarƙashin ɗanyun fatu tana shan wari, ni ina samansu ina shan nawa.

Daga Maraɗi muka bi ta Ɗan Isa muka shiga Ingilishi, kamar yadda muke ce wa Nijeriya. Muna ƙetarewa mota ta koma hannun hagu. Na yi salati da ƙarfi, na ɗauka direba barci ya kwashe shi, 'yan mota suka yi ta dariya. Can komai a juye yake. Kwabonsu da huji a tsakiya. Miyarsu ja wur da manja, ga yaji kamar an yi musu laifi, mu kuwa da muka saba da fura da nono safe da rana sai hawaye. Su kuma mu suke kallo da mamaki, suna ce mana mutanen Faransa.

Na isa ƙofar gidan Malam Garba da fara'ata, na tarar da tabarmi a shimfiɗe, maza zaune shiru. Na ɗauka ragowar 'yan barka ne. Sai Malam Garba ya taso ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu. Ya ce, "Shekaranjiya munka kai ta." Zazzaɓin jego ne ya ɗauke Rakiya. Ni na koya wa yarinyar nan tafiya. Na zauna a kan tabarmar da cuku a bayana, ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Jaririyar sunanta Mariyama, ko arba'in ba ta yi ba. Babu mai shayarwa a gidan. Mahaifiyar Malam Garba tsohuwa ce makauniya. Wata maƙwabciya, Gwaggo Indo, ita ke ɗura wa yarinyar madarar gwangwani da cokali, madarar kuwa ba ta karɓe ta ba, sai zawo take. Kullum aka nuna mini ita sai in ga ta ƙara ƙanƙancewa.

Malam Garba ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, na ji iyalinka na da goyo."

Na ce, "Habsu na shayar da Abdu."

"To ka tahi da ita. In ta zamna nan, uwatta za ta bi."

Shi ba shi da takardar shiga ƙasarmu, ga kuma tsohuwa ba mai duba ta. Aka shirya Gwaggo Indo ta goya yarinyar ta raka ni har Dakoro. Abin da ke gabana ke nan: in kai Mariyama ga nonon Habsu tana da rai.

A Jibiya, garin ƙarshe kafin iyaka, shiri ya wargaje. Direbobi suka ce ba su ɗaukar wanda ba shi da kardantite, wato takardar shaida, don a Ɗan Isa tsare mutum ake yi har da motar da ta kawo shi. Gwaggo ko sunan takardar ba ta taɓa ji ba. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ce tun kafin a haifi ubanninsu take zuwa Maraɗi. Ba wanda ya saurare ta.

Ta ce, "To duƙa."

Na duƙa, ta ɗora mini yarinyar a baya, ta ja zane ta ɗaure a ƙirjina. Ina miƙewa zanen ya zame. Ta sake ɗaurewa har numfashina ya tsaya, ya sake zamewa, da kyar ta tare yarinyar. Ta dubi ƙirjina da takaici ta ce, "Ɗan nan, Allah bai yi maka abin da ka riƙe zane ba." A hannu kuma ba zai yiwu ba, don wanda ke saman kamyo in bai kama ƙarfe da hannu biyu ba, ƙasa zai tsinci kansa.

Sai na dubi jakar. Na zauna gindin wata bishiya na zazzage ta, na bar wa Gwaggo cukun da man shanun. Aljihunan da na ɗinka da hannuna na fara farkewa. Na yanke ƙarafunan maɗauran, don rana na dukansu su zama wuta, na sa igiyar fata a madadinsu. Na sayi ɓarin ƙwarya wurin mai fura na kafa a gindin jakar don kada ta matse. Buzun sallata na raba biyu, na shimfiɗa ciki, gashin yana fuskantar jikinta. Na huda tagogi biyu kusa da baki, dama da hagu, na dalmashe su don iska. Rawanina na naɗe ya zama matashin wuya. Maɗauran kuma na rage musu tsawo yadda jakar za ta hau can tsakanin kafaɗuna, in riƙa jin motsinta, na ƙara wata igiya da ta haɗa su a ƙirji. Aljihun gefe ya ɗauki gwangwanin madara da cokali da kwalbar dafaffen ruwa. Da muka sa Mariyama ciki sai ta naɗe ƙafafu ta yi luf.

Gwaggo ta kwance zanenta na sama, atamfa mai manyan furanni ja da rawaya, ta ce in ɗinka shi a kan jakar.

Na ce, "Gwaggo, zanen mata hwa?"

"Ɗinka. Don duk wanda ya gani shi san mutum na ciki."

Na ɗinka. Ta tofa wa yarinyar addu'a, ta juya ba ta ko yi mini sallama ba, tana share ido da bakin ɗankwali.

A Ɗan Isa aka sauke mu duka. Akwai wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, riƙe da dogon ƙarfe mai tsini, irin wanda ake soka wa buhu a ga abin da ke ciki. Buhu, ƙunshi, katifa, ba abin da ya bari. Ina tsaye a layi sai na ji takunsa a bayana. Na juya na fuskance shi. Ya zagayo, na sake juyawa.

"Tsaya wuri guda!"

Na ƙi ba shi bayana. Wani jandarma da ke zaune a inuwa ya miƙe ya sauke bindiga daga kafaɗa. A nan Mariyama ta tsala kuka, Allah ya yi mata albarka. Ɗan duwan ya sauke ƙarfen a hankali. Ya leƙa, ya ɗaga bakin zanen da yatsa, ya ga tamfol ɗin soja. Ya rage murya ya ce, "Wagga jaka ta soja ta. Kak ka kuskura ka hidda zanen ga sai ka kai gida."

A Maraɗi na sauka gidan wani fatoma, mai masaukin baƙi, inda mutanen Dakoro ke sauka. Matar ɗansa na da goyo, ta karɓi Mariyama ta ba ta nono. Kafin ta sa mata a baki sai da fatoman ya kira baƙinsa biyu ya ce, "Ku shaida, ɗiyag ga ta zama ƙanwar jikana, babu arme tsakaninsu har abada." Aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka, na ci na ji na dawo ƙasarmu. Yarinyar ta yi barcin da ba ta yi ba tun Katsina. Na so in roƙi a bar ta nan, amma fatoman ya riga ni, ya ce nonon surukar tasa da kyar yake isar nata.

Da safe a tasha na gamu da dillalan shanu na garinmu, za su kudu. Cikinsu akwai Na'allah, wanda bakinsa bai taɓa rufuwa ba tun muna yara. Ya hango furannin nan ja da rawaya a bayana, ya ji ɗan kuka, sai ya daka tsalle.

"Sha'aibu! Barka da arziki! Yaushe ka haihu? Ka gama wankan jego, ko mu kawo itace?"

Tasha ta ɗauka. Masu dako, masu ƙosai, har wata tsohuwa ta miƙo mini kunun kanwa wai don nono ya kawo. Ba wanda ya san daga ta'aziyya nake, ni kuma zuciya ta hana ni faɗa. Na zagaya bayan wani bango, na sa wuƙa na tsinke ɗinkin, na ninke zanen na cusa ƙarƙashin yarinyar. Na fito da jakar soja a baya kamar namiji. Ba wanda ya ƙara yi mini dariya.

Kamyon Dakoro ya tashi da hantsi. Mun wuce Kornaka, rana ta take, sai muka ji wani abu ya karye a ƙarƙashi, motar ta zauna cikin rairayi. Direba ya shiga ƙasa ya fito ya ce sai an koma Maraɗi an kawo ƙarfe, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Na buɗe gwangwanin madara na tarar ta yi tsami. Na gwada ba ta ruwa, ta mayar. Kukanta ya riƙa sirancewa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu, daga nan ya ɗauke. Mace ɗaya ce a motar, ita ma ta tsufa. Ita ta nuna mini yamma ta ce akwai gari bayan gonakin can, ba za a rasa mai goyo ba.

Na saɓa jakar na ratsa cikin gero. Karan ya fi ni tsawo, ba na ganin gabana. Ina tafe ina kiran sunanta, ina tsayawa in ji ko za ta motsa. Da farko nakan ji ɗan shure-shure a bayana. Can sai na daina ji. Na so in sauke in duba, amma tsoron abin da zan gani ya hana ni, sai na ƙara sauri, har da gudu.

Haka na faso bakin garin: baƙo, a guje, daga cikin gona ba ta hanya ba, da jakar soja a baya.

"Kwamando! Kwamando!"

Kafin in ankara maza sun fito ta ko'ina, masu baka, masu mashi, masu gatari. Abin da ya fara zo mini shi ne duk kibiyar da aka harbo ta baya ba ni za ta fara samu ba. Na ja da baya da baya har na kai gindin wani gawo, na tsaya jakar na tsakanina da itacen, ban jingina ba. Na ɗaga hannuwa.

Wani dogo mai baka, da alama shi ne babbansu, ya ce, "Mi ag ga jakka?"

"Jaririya ta. Ɗiyar ƙanwata. Nono nika nema."

Wani ya yi dariya, amma ba irin ta tasha ba.

"Namiji da goyo? Cikin jakkar soja?"

"Wallahi. Ku bari in buɗe ku gani."

Na kai hannu ga igiyar ƙirji, sai bakuna suka ɗaga gaba ɗaya.

"Kak ka taɓa! Gurneti za ya jehwa muna!"

Dogon ya ce, "In ɗiya ta, ina kukanta?"

Na kasa kunne. Na karkata kai na ce, "Mariyama. Mariyama." Shiru. Na ɗan girgiza kafaɗa. Shiru. Na yi ta roƙon Allah a zuci ya sa ta yi kuka ko sau ɗaya, kamar a Ɗan Isa. Ni kaina a lokacin ban san ko rai nake goye da shi ko gawa ba.

Wani saurayi mai mashi ya fara zagayowa ta gefen itacen. Ya ce, "A soke jakkar mu gani. In ƙarhe na, mu ji."

Na juya na tare shi da ƙirji, sai bayana ya buɗe ga masu baka. Na juyo, ya ƙara matsowa. Na ce musu su soke ni ni, su bar jakar. Na ji muryata tana rawa kamar ta mace, ban damu ba.

Wata mace ce ta raba mu. Daga rijiya take, da tulu a kai da goyo a baya, ta tsaya can gefe tana kallo. Daga inda take tana ganin bayan rigata. Ta sauke tulun ta ratso tsakiyar maza.

Dogon ya daka mata tsawa. "Hajo, koma!"

Ta nuna rigata da baki ta ce, "Malam, dibi bayanai. Tun yaushe gurneti ka zawo?"

Ashe abin ya bi ta ƙwaryar ya zubo mini har gindi, ni ban ma ji ba. Ba ta jira kowa ba, ta zagaya bayana ta ɗaga murfin. Na ji ta ja numfashi. Ban iya juyawa ba.

Na ce, "Baiwar Allah, tana da rai?"

Ta zura hannu ciki. Ta zaro yarinyar, wuyan ya langaɓe, idanu a rufe, maɗigar kanta ta faɗa ciki. Ta zauna nan a ƙasa, ta matsa nono ta ɗiga mata a leɓe. Ba motsi. Ta ɗiga kuma, tana shafa mata maƙogwaro da yatsa. Maza sun sauke bakuna, ba mai ko tari. Saurayin nan ya jingine mashinsa da gawon ya tsuguna ya dafe kai. Can sai ɗan harshen ya leƙo ya lashi leɓe.

Dogon, wanda ashe mijin Hajo ne, shi ya ce zai kai ni gida a kan jakinsa. Sai da matar ta ƙara shayar da ita har sau biyu, suka ba ni fura mai sanyi na sha, ban ji ɗanɗanonta ba. Hajo ta ga zanen a gindin jakar, ta jawo shi ta warware, ta dube ni. Ta miƙo mini shi. Na zaro basilla na ɗinke shi a inda yake. Ta gargaɗe ni cewa abin da yarinyar ta sha na tsayar da rai ne kawai, in ba ta kama nono sosai ba a gida, to in shirya. Muka kwana nan, da asuba mijinta ya rako ni. A hanya sau ɗaya ya yi magana, ya ce in yafe masa. Ranar kasuwa muka shiga Dakoro, ta tsakiyar kasuwar kuwa na bi, don ita ce hanya mafi kusa.

Na yi sallama na shiga gida. Habsu na daka da Abdu a baya. Inna na zaune a tabarma tana kaɗi. Ba wanda ya riga ni kawo labari.

Inna ta ce, "Maraba da mutanen Ingilishi! Ƙaƙa ka baro mai jego?"

Tun daga Katsina nake shirya maganar da zan gaya mata, ko ɗaya ba ta zo ba. Na durƙusa, na kwance igiyar ƙirji, na sauke jakar gabanta na buɗe.

Inna ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Jaririyar da ba ta yi arba'in ba ko ƙofar ɗaki ba ta ƙetarewa ba tare da uwarta ba, balle ƙasa. Ta ajiye mazarin a hankali. Ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Habsu, sabke Abdu."

Habsu ta saki taɓarya, ta miƙa mini yaron, ta zauna ta karɓi Mariyama. Ta sa mata nono, yarinyar ta kau da kai. Ta sake, ta sake kau da kai. Habsu ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da ido. Inna ta matso da gwiwa, ta tallafe ƙeyar yarinyar da tafin hannunta, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda take yi wa Rakiya tana ƙarama. Sai ta kama. Muka ji haɗiya ɗaya, muka ji ta biyu, ta ci gaba, ɗan hannunta ya damƙe bakin zanen Habsu.

Sai a lokacin Inna ta juyo gare ni.

"Rakiya ta samu ta gan ta?"

Na ce, "Ta gan ta, Inna. Ita tah hwara ba ta nono."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.